Zaman da ke Ƙarƙashin Doka

A rubuce kalmar doka ɗaya ce, amma a bakin Bahaushe gidajenta uku. Akwai dokar da hukuma ke kafawa a bi, akwai dokar da mata ke yi a ka, sannan akwai doka itaciya, wadda ta cika dazuzzukan ƙasar Zazzau da Birnin Gwari da Falgore, ta miƙa yamma har Benin da Burkina Faso da Mali, ta yi gabas ta ratsa Kamaru da Cadi. Masana tsirrai na Turai da suka zo shigar da ita littafi sun ɗauki sunan da suka tarar ana kiranta da shi, shi ya sa har yau duniya ta san ta da Isoberlinia doka. Mafarauci da makiyayi da mai saran itace duk sun san halinta guda: doka ba ta tsayuwar kaɗaici irin ta kuka ko tsamiya. Inda aka ga ɗaya za a ga ɗari, kafaɗa da kafaɗa, har sauran itatuwa su koma kamar baƙi a tsakaninsu. Ba a kan asalin kalmomin nan za a kafa hujja ba, amma haɗuwarsu a haruffa ta isa ta jawo tambaya. Wa ya kafa dokar da ta ce wannan itaciya ta yi yawa a nan, waccan ta yi ƙaranci? Ruwan sama da gobarar daji da irin ƙasa duk suna da hannu. Sai dai babban kaso na amsar yana binne bai fi taƙi ɗaya ba daga inda mutum ke takawa, kuma ganin abin da ke wurin a madubin bincike ya fi sauƙi a kan samun kalmar da za ta faɗe shi ba ƙari ba ragi.

Abin da ke wurin funfuna ce. Kalmar kanta ba ta da farin jini. Funfuna ita ce ke hawa tuwon da ya kwana biyu, ko masarar da aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba, don haka kunne na jin ta sai ya tuna lalacewa da sakaci. Naman kaza kuwa, da laimar kwaɗin da ke ɓullowa bayan ruwan dare, harshe ya ajiye su a wani ɗaki dabam kamar ba su haɗa komai da ita ba, alhali dangi ɗaya ne. Laimar da ake gani a sama matsayin 'ya'yan itace take da shi. Ainihin jikin halittar silili ne farare, waɗanda suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, suna ratsa ƙasa suna rassa. A shekarar 1885 wani masanin tsirrai Bajamushe, Albert Bernhard Frank, wanda gwamnatin Prussia ta ɗora wa aikin gano yadda za a noma wani naman kaza mai tsada da ke girma a cikin ƙasa, ya dinga tona saiwoyin manyan itatuwan dazuzzukan ƙasarsu. Noman bai samu ba. Abin da ya tarar shi ne kusan kowane kan saiwa yana sanye da kube na sililin funfuna, itatuwan kuma lafiyarsu lau. Sai ya haɗa kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya funfuna ɗaya saiwa, ya ƙera suna guda: maikoriza. Bai kira abin saiwar da ta kamu da cuta ba. Ya narkar da sunayen wuri ɗaya ne domin a ganinsa gaɓa ɗaya ce da halittu biyu suka haɗu suka gina.

Abin da ke gudana a wannan gaɓa musaya ce. Ganye yana da baiwar haɗa hasken rana da iska da ruwa ya fitar da sukari, funfuna ba ta da ita. Ita kuma tana da sirantar da saiwa ba ta da ita. Sinadarin fosfaras, wanda shi manomi ke nema idan ya sayi takin supa, ba ya tafiya sosai a cikin ƙasa, don haka saiwa kan tsotse wanda ke jikinta ta wayi gari a tsakiyar faƙon da ta yi wa kanta. Sililin funfuna ne ke ƙetare wannan faƙo, ya kutsa ƙananan ramukan da saiwa ba za ta shiga ba, ya ɗebo fosfaras da naitirojin ya kawo, a sallame shi da sukari da maiƙo, wani lokaci har kashi ɗaya cikin biyar na abin da ganye ya sarrafa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in tsirran tudu suna cikin wannan hulɗa, kuma manyan hanyoyinta biyu ne. Akwai funfunar ciki, wadda ke shiga har cikin ƙwayoyin saiwa ta yi rassa kamar 'yar ƙaramar bishiya. Ita ce abokiyar dawa da gero da masara da rogo da albasa da gawo, da kusan kashi 70 na tsirrai. Akwai kuma funfunar kube, irin wadda Frank ya gani, mai lulluɓe kan saiwa daga waje ta ratsa tsakanin ƙwayoyi ba tare da ta huda su ba. Tsirran da ke hulɗa da ita ba su wuce kashi 2 na nau'o'i ba, amma wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna kusan kashi 60 na itatuwan da ke tsaye a duniya nata ne. Doka da kawo suna cikinsu. A ƙauyen Rhynie na ƙasar Sikotilan akwai dutsen da ya adana tsirrai masu shekaru fiye da miliyan 400, kuma a jikinsu ana ganin rassan funfunar ciki sarai, a zamanin da waɗannan tsirrai ba su ma mallaki saiwa ta gaskiya ba. Ashe baƙuwar ta girmi ɗakin da muke cewa an sauke ta a ciki.

Shekaru shida kafin Frank ya ƙera sunansa, wani Bajamushen, Anton de Bary, ya yaɗa kalmar da Turawa ke kiran irin wannan hulɗa da ita har yau, kuma ma'anarta ta asali ba ta wuce zaman tare na halittu mabambanta ba. A wurinsa macuci da wanda yake cuta ma zaman tare suke yi. Daga baya ne bakin jama'a ya zuba wa kalmar zuma, ta koma nufin taimakon juna kaɗai. Hausa ta yi sa'a a nan, domin kalmarmu ta zama ba ta karɓi wannan zumar ba. Zama shi kaɗai bai faɗi komai ba sai an bi shi da bayani. Akwai zaman lafiya, akwai zaman haƙuri, akwai zaman doya da manja, akwai zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Mutanen da suka ce zo mu zauna zo mu saɓa ne sun daɗe da sanin cewa kusanci bai ɗauki alkawarin alheri ba. Sannan kalmar tana da wata fuskar: abu yakan zama wani abu, saura ta zama daji, daji ya zama gona. A kan waɗannan fuskoki biyu hujjar wannan maƙala take rataye. Zaman saiwa da funfuna yana cikin abin da ke sa wuri ya zama irin dajin da ya zama, kuma yana yin haka ne ta hanyar abin da yake jawo wa na uku, wato tsiron da ke gefe wanda ba a yi shawara da shi ba. Duk kalmar da ta tsaya a kan biyun nan kaɗai, ko yabonsu take ko zarginsu, ta bar rabin labarin a ƙasa.

Kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce zumunci, da karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a biye da ita. Ba kuma a banza take zuwa ba. An shafe shekaru ana shuka itacen fayin a tsibirin Puerto Rico, ya tsiro, ya ɗan tasa, ya yi rawaya, ya mutu, har zuwa 1955 da aka kawo ƙasa daga dajin fayin na jihar North Carolina ta Amurka aka zuba a gindin wasu dashe. Waɗanda aka zuba wa suka miƙe, waɗanda aka bari suka bi sawun na baya. Abin da ke cikin wannan ƙasa funfunar kube ce. A 1987 Philip Grime da abokan aikinsa a jami'ar Sheffield ta Ingila sun shuka ciyayi da ƙananan tsirrai a gauraye, wasu da funfuna wasu babu, suka ga inda take ƙananan tsirran da ciyawa ta saba dannewa sun samu sararin numfashi. A 1998 kuma Marcel van der Heijden da John Klironomos da wasunsu suka buga sakamakon gwajin da aka yi a Kanada da nau'o'in tsirrai 15, inda aka dinga ƙara yawan nau'o'in funfuna har zuwa 14, kuma da ƙaruwarsu tsirran suka ƙara bambanta, yabanya ta ƙara auki, fosfaras ɗin da ke shiga jikinsu ya ƙaru. Wanda ya tsaya a nan yana da haƙƙin cewa funfuna mai raba daidai ce, mai ɗaga na ƙasa.

Amma a shekarar da ta biyo baya wani sakamako ya fito daga makiyayar Konza da ke jihar Kansas. Wurin fili ne na dogayen ciyayi, kuma sarauniyarsa wata ciyawa ce 'yar'uwar gambarmu, zuriyar Andropogon ɗaya suka fito. David Hartnett da Gail Wilson sun shekara biyar suna zuba maganin da ke dakushe funfuna a wasu ɓangarorin filin. Da zumunci ne dukan labarin, da an ga tsirrai sun ragu. Abin da aka gani akasin haka ne: manyan ciyayin suka ja baya, ƙananan da ke ƙarƙashinsu suka yaɗu, filin ya ƙara yawan iri. Dalilin bai ɓuya ba. A Konza manyan ne suka fi dogara da funfuna, ita ce sandar mulkinsu. A gwajin Sheffield ƙananan ne suka fi bukatarta. Musayar ɗaya ce a wuraren biyu, sukari ya sauka fosfaras ya hau, amma a Sheffield ta buɗe wa na uku ƙofa, a Konza ta rufe masa. Kalmar zumunci ba ta yi ƙarya a kan abin da ke tsakanin ciyawar da funfunarta ba, sai dai ba ta da bakin faɗin abin da wannan zumunci ya yi wa maƙwabci. Kowa ya san gari inda 'yan gida ɗaya suka riƙe juna da kyau har wanda ba nasu ba ya rasa rumfa a kasuwa. Akwai ma tsiron da ke yaƙi ta wannan ƙofa. Wani ganye dangin kabeji da aka kai Amurka ta Arewa daga Turai, Alliaria petiolata, ba ya hulɗa da funfuna, kuma yana zuba sinadaran da ke raunana ta a ƙasa, sai 'ya'yan itatuwan wurin da suka dogara da ita su tsumbure, shi ya gaje filin.

A daji ne wannan magana ta fi fitowa fili. Tun 1970 da 1971 Daniel Janzen da Joseph Connell, kowa ta nasa ɓangaren, suka kawo bayanin abin da ya sa kurmin ƙasashe masu zafi ke tara ɗaruruwan nau'o'in itatuwa wuri ɗaya. A gindin kowace itaciya ƙwari da cututtukan da suka ƙware a kanta suna taruwa, don haka 'ya'yanta da suka faɗi kusa da ita su ne suka fi mutuwa, gurbin kuma sai ya tafi ga ɗan wata. A 2017 Jonathan Bennett da abokan aikinsa suka gwada nau'o'in itatuwa 55 daga wurare 550 a Amurka ta Arewa, suna shuka kowane ɗa a ƙasar da aka ɗebo daga gindin irinsa. 'Ya'yan itatuwan da ke hulɗa da funfunar ciki yawanci sun sha wuya a ƙasar gidansu. 'Ya'yan masu kube kuwa sun fi jin daɗi a can, domin suna tarar da funfunar da ta dace da su tana jira, kuben nan kuma garkuwa ce da ke tare masu ɓarna daga kan saiwa. Ɗaya gara ya yi nisa da gida, ɗayan gado yake tararwa. Ƙari a kan haka, funfunar kube sau da yawa tana iya tatsar naitirojin kai tsaye daga ganyen da bai gama ruɓewa ba, ganyen itatuwanta kuma mai jinkirin ruɓa ne, sai abincin ya taru a rumbun da ita ke riƙe da mabuɗinsa. Idan aka ɗora wannan a kan taswirar Afirka sai a ga abubuwa suna faɗawa gurbinsu. A kurmin Ituri na Kwango akwai faffaɗan wurare inda itaciya ɗaya, Gilbertiodendron dewevrei, ta mallaki mafi yawan manyan itatuwa, a tsakiyar kurmin da ya saba da gauraye. A Korup, kudu maso yammacin Kamaru, Microberlinia bisulcata na yin gungu a ƙasa mai yashi mai ƙarancin fosfaras. Dajin miyombo, mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 2.7 daga Angola zuwa Tanzaniya da Mozambik, zuriyoyi uku ne ke mulkinsa, ɗaya daga cikinsu Isoberlinia. Dukansu dangin doka ne na kusa, dukansu masu kube.

Mai ja yana da abin cewa a nan, kuma maganarsa tana da nauyi. Doka tana tofowa daga saiwa da kututture, tana jure gobarar kaka, kwanson 'ya'yanta yana fashewa ya watsa iri kusa da gindi. Waɗannan kaɗai sun isa su tara ta wuri ɗaya. Itaciyar Ituri tana da manyan 'ya'ya masu guzuri, inuwarta mai duhu ce, tarin ganyenta kuma yana hana ƙananan iri isa ƙasa. A tsibirin Trinidad akwai Mora excelsa da ke mamaye kurmi ita kaɗai alhali funfunar ciki take hulɗa da ita, kuma akwai masu kube da yawa da ba su mamaye ko'ina ba. Kawo ma yakan tsaya ɗai-ɗai a cikin gauraye. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya hana a ce kube shi ne sarki. Abin da bai rushe ba shi ne yawan maimaituwar abin: a nahiyoyi dabam-dabam, idan aka tarar da itaciya ɗaya ta rinjayi daji a ƙasa mara ƙarfi, sau da yawa mai kube ce. Ga kuma gwajin Bennett da ya ware ƙasa kaɗai, babu wuta babu inuwa, ya nuna bambancin yana nan. Hukunci a daji na majalisa ne, funfuna tana da kujera a ciki, kuma muryarta ta fi ƙarfi inda ƙasa ta fi talauci.

Waɗanda zumunci ya yi musu zaƙi da yawa sun koma ga kalmar kasuwa. A 2011 Toby Kiers ta jami'ar Vrije da ke Amsterdam, tare da abokan aikinta, ta nuna cewa saiwa na ƙara tura sukari ga funfunar da ta fi kawo fosfaras, funfuna kuma na ƙara kai fosfaras ga saiwar da ta fi biya. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan, kowa na auna mudun ɗan'uwansa. Wannan kalma ta fi ta farko ƙarfi, domin tana bayyana abin da ke faruwa idan an cika ƙasa da takin zamani: tsiro ya samu fosfaras a araha, ya rage karɓar baƙuwa, wani lokaci ma wadda ta rage ta zama nauyi a kansa, tana ci ba ta kawo abin da ake bukata ba. Tana kuma ba da wuri ga waɗanda ba sa cin wannan kasuwa sam, irin su alayyafo da kabeji. Amma a 2012 Florian Walder da abokan aikinsa a Basel ta Suwizalan suka haɗa dawa da shukar da ake saƙa yadin lilin da zarenta a kan sililin funfuna ɗaya. Dawa ce ta zuba mafi yawan sukarin, amma a ɗaya daga cikin gwaje-gwajen maƙwabciyarta ta kwashe har kashi 94 cikin 100 na fosfaras da naitirojin da sililin ya kawo, dawar kuma ba ta nuna wata gajiya ba. Wace kasuwa ce wani ke biya wani na ɗaukar kaya? Sannan ga furannin okid, waɗanda irinsu kamar ƙura yake, ba guzuri, sai funfuna ta ciyar da shi kafin ya tsiro, da ɗaruruwan nau'o'in tsirrai marasa koren ganye da ke rayuwa kacokan a kan sukarin da funfuna ta karɓo daga itatuwan gefe. Kasuwa tana bayyana ciniki tsakanin biyu. Da na uku ya jingina da sililin, lissafin ya fita daga hannunta.

Kalma ta uku ita ce ta fi kama zuciya, ita ce kuma ta fi bukatar taka-tsantsan: uwa. A 1997 Suzanne Simard ta buga sakamakon gwajinta a dazuzzukan yammacin Kanada, inda ta nuna sinadarin kabon na wucewa ta ƙarƙashin ƙasa tsakanin 'ya'yan itatuwa iri biyu, kuma wanda ke cikin inuwa ya fi karɓa. Mujallar Nature ta yi wa labarin laƙabin da ya kwatanta daji da intanet, laƙabin ya bi duniya. Daga nan littattafai da finafinai suka ɗauka, har ya zama sananne cewa tsofaffin itatuwa uwaye ne masu shayar da 'ya'yansu ta sililin funfuna, suna aika musu gargaɗi idan haɗari ya zo. A 2023 masana uku, Justine Karst da Melanie Jones da Jason Hoeksema, suka bi diddigin hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Jones tana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 1997, don haka gyara ne daga cikin gida. Suka tarar cewa dazuzzukan da aka tabbatar da taswirar sililinsu kaɗan ne ƙwarai, cewa gwaje-gwajen fili sun rabu tsakanin amfani da cutarwa da babu komai, kuma babu wani binciken fili da masana suka tantance da ya nuna babbar itaciya na fifita 'ya'yanta ta wannan hanya. Sun kuma nuna yadda masu ambaton tsofaffin takardu suka dinga ɗaukar sakamako mai daɗi suna barin sauran. Kalmar uwa tana da wata illar ban da ƙarancin hujja: tana mayar da funfuna bututu, abin da ake aika saƙo ta cikinsa, alhali halitta ce mai neman abincinta da yaɗa irinta. Idan kabon ya shiga jikinta daga wata itaciya, ba dole ne ya fita ta ɗaya gefen ba.

Manomin dawa da gero yana da nasa kason a wannan labari, ko da bai taɓa jin sunan Frank ba. Idan fosfaras ya yi ƙaranci, saiwa kan saki wani sinadari a cikin ƙasa. An fara gano irinsa ne a 1966 a saiwar auduga, kuma abin da aka san shi da shi a lokacin shi ne yana tayar da irin ƙuduji daga barci, shi ya sa aka raɗa masa suna daga Striga, sunan ƙuduji a littattafan masana. Shekaru kusan arba'in ana mamakin abin da zai sa tsiro ya kira makashinsa da bakinsa. A 2005 Kohki Akiyama da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa kiran na funfuna ne, da ta ji shi sai sililinta ya yi rassa ya nufi saiwa. Ƙuduji, wadda wasu ke kira wuta-wuta, mai saurare ce daga bayan danga. Irinta kan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran wannan sallama, kuma gonar da ta fi gajiya ita ta fi ɗaga murya, don haka ita ta fi cika da jan furen nan. Gwaje-gwajen da Venasius Lendzemo ya yi a arewacin Kamaru sun nuna dawa da masarar da funfuna ta kama saiwarsu da kyau ƙuduji ta ragu a gindinsu. Magana ce tsakanin biyu, amma wadda ta fi cin moriyarta a gonar matalauci ita ce ta ukun da ba a gayyata ba.

Wani zai ce ina ruwan funfuna da sunan da muka ba ta, kuma ai zama ma aro ne daga rayuwar mutane, kamar uwa da kasuwa. Haka ne, aro ne, domin ba mu da wani harshe sai na mutane. Amma aro ya bambanta. Akwai wanda ke zuwa da hukuncinsa a ƙunshe, akwai wanda ke tilasta a sake tambaya, zaman wane iri, tsakanin wa da wa, a wace ƙasa, kuma wa ya rasa wurin zama saboda shi. Har kalmar al'umma da muke ara mu ce al'ummar tsirrai tana ɗauke da nauyin haƙƙi da manufa ɗaya da daji bai yi alkawarinsu ba. Kakanninmu da suka raɗa wa wurare Ɗorayi da Giginyu da Kurna sun fi kusa da abin da ido ke gani, sun kira wuri da sunan wanda ya rinjaye shi. Suna kuma yana bin mutum har gona. Wanda ya yarda funfuna alheri ce tsantsa zai sayi duk garin da aka ƙulla a leda aka ce irinta ne, alhali gwajin da aka yi wa irin waɗannan kayayyaki a Turai da Ostareliya da Amurka ta Arewa ya nuna mafi yawansu ba su kama saiwa ba, kuma yawancin gonaki suna da tasu funfunar ciki, wadda abin da take bukata shi ne a rage barin ƙasa tsirara da yawan kifar da ita. Wanda kuma bai san da zamanta ba zai ɗauka itace itace ne, a sare wannan a dasa wancan.

A dajin doka wannan kuskure na biyu yana da tsada. Naman kazan da ke fitowa a gindin doka da kawo da damina, wanda mutanen arewacin Benin ke tsinta su ci su kai kasuwa, 'ya'yan funfunar kube ne, dabam da wanda ke fitowa a kan suri, mai hulɗa da gara. Yawancin funfunar kube ba ta daɗewa idan babu saiwa mai rai da za ta ba ta sukari. Idan aka sare doka don gawayi aka bar kututture, saiwar tana nan da ranta, kuben yana nan a kanta, tofon da zai fito zai tarar da abokiyar zamansa. Idan kuwa aka tumɓuke kututturen aka shekara ana masara da dawa a wurin, ƙasar takan koma hannun funfunar ciki, domin ita ce abokiyar hatsi. Ranar da aka bar gonar ta zama saura, tsirran da ke hulɗa da funfunar ciki za su tarar da tasu a shirye, ɗan doka da ya faɗo daga bakin daji kuwa sai ya jira sililin da ya dace da shi ya iso, daga saiwar wata dokar da ta tsira a kusa ko daga ƙwayar irin da iska ko dabba ta kawo.